Yadda na haɗa tsohuwar filotar siriyal da kwamfutar aiki ta zamani

Na rubuta wannan bayani ne domin ma'aikatan ɗakunan zanen taswira da na gwaje-gwaje waɗanda suke da tsohuwar filota, wato na'urar da take zane da alƙalami a kan takarda, kwance a sito, kuma wata rana za a iya ɗora musu nauyin tayar da ita kamar yadda aka ɗora mini. Ni ma'aikacin fasaha ne a sashen safiyo na wata makarantar gaba da sakandare a arewacin Najeriya. A farkon zangon karatun da ya wuce shugaban sashenmu ya umarce ni da in haɗa wata filota ƙirar HP 7475A da babbar kwamfutar aikin da muke sarrafa taswirori a kanta, domin yana son ɗalibai su ga da idonsu yadda lambobin da suka ɗauko a fili suke komawa layi a kan takarda, abin da firinta ba ta nunawa tunda ita a game take fito da shafi. Kamfanin Hewlett-Packard ya fito da wannan na'ura a 1983. Tana karɓar takarda A4 ko A3, tana da faifai mai juyawa wanda yake riƙe alƙaluma shida, alƙalamin yana tafiya dama da hagu yayin da wasu ƙananan tayoyi suke jan takardar gaba da baya, kuma yaren umarnin da take ji shi ne HP-GL. Kwamfutar kuwa ta wannan zamani ce, tana aiki da Ubuntu, wani nau'in Linux, kuma babu soket ɗin siriyal ko guda a bayanta.

Matakin farko na takardu ne. Duk abin da yake cikin rajistar kayan makaranta ba ya barin sito sai da takardar neman fitarwa mai ɗauke da lambar kayan, da sa hannun shugaban sashe, da na jami'in binciken kuɗi na cikin gida. Lambar da aka rubuta da fenti a jikin na'urar rabinta ya goge, don haka sai da ni da mai kula da sito muka zauna muna bin tsohuwar rajista shafi-shafi har muka samo ta. Da na roƙe shi ya ba ni ita in fara dubawa kafin takardar ta gama zagayenta, sai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ko allura ce ba na fitar da ita sai na ga sa hannun nan." Ban ga laifinsa ba, domin shi za a tuhuma ranar ƙidayar kaya. Jiran ya ba ni damar duba bayan na'urorin a inda suke ajiye. Filota biyu ne a siton masu suna iri ɗaya, amma ɗaya soket ɗinta na HP-IB ne mai layukan haɗi 24, ɗayar kuma mai ramuka 25 ce a jere biyu, wato RS-232. Kamfanin ya yi wannan ƙira iri biyu, kuma daga gaba ba a bambance su. Mai HP-IB hanyarta daban ce, tana buƙatar adafta mai tsada wadda ba a cika samu a kasuwanninmu ba, saboda haka na tabbatar lambar mai RS-232 ce a kan takardar, domin da an fitar da ɗayar da sai an sake zagayen sa hannu tun daga farko.

Da ta iso ɗakin zane, abin da na fara karantawa shi ne ɗan farantin da yake kusa da mashigar wayar wuta. An rubuta volt 120, alamar cewa daga Amurka aka kawo ta, alhali wutarmu a Najeriya 230 ce. Wayar wutarta irin ta kwamfuta ce, tana shiga babu gardama, kuma a nan hatsarin yake, domin duk wanda ya zare wayar kwamfutar da take kusa ya soka mata, to ya ƙona ta kafin a fara komai. An yi wannan ƙira a nau'o'in volt 100, 120, 220 da 240, don haka kowa ya karanta farantin tasa, kada ya ɗauka daidai take da tamu. Taransifomar rage ƙarfin wutar da aka taɓa amfani da ita ta ɓace tun da daɗewa, sai na rubuta takardar neman kuɗin kayan aiki. Ofishin kuɗi ya ba ni zaɓi, ko in jira adibas, ko in saya da kuɗina a biya ni daga baya idan na kawo rasit mai hatimin shago. Na ɗauki na biyun saboda zangon karatu ba ya jiran fayil. Na sayi taransifoma mai wat 100, wadda ta wadatar tunda na'urar ba ta da cin wuta, na ɗaure wayar filotar a jikinta da tef, na kuma liƙa gargaɗi da manyan baƙaƙe a kan murfin.

Kafin in kusanci kwamfuta na gwada filotar ita kaɗai. Tana da zanen gwaji a cikin ƙwaƙwalwarta: a sa takarda, a danne maɓallan P1 da P2 tare, a kunna ta ana danne da su, sai ta yi zane da rubutu ba tare da wata kwamfuta ba. Ta ɗauki alƙalami daga faifan, ta yi ta kai-komo da ƙara, ta mayar da shi ta ɗauki wani, amma takardar ta fito fara sol in ban da ɗan karce. Alƙaluman masu bakin zare ne, kuma sun bushe ƙayau bayan shekaru a sito. Na buɗe bayan waɗanda bakinsu bai lalace ba na ɗiga musu tawada mai ruwa, na bar su suka jiƙa, suka dawo suna rubutu ko da yake layin ya ɗan yi kauri. Takardar kuma tana zamewa, ta yadda layin da ya kamata ya koma inda ya taso ba ya komawa, sai na goge tayoyin roba masu danne ta da ƙyalle mai danshi, na share ƙurar da ta toshe tayoyin ƙasa masu kaushi da tsohon burushin haƙori. Zanen gwajin da ya biyo baya ya fito daidai. Na ajiye wannan shafi a fayil, kuma ya yi mini rana, domin duk lokacin da wani abokin aiki ya leƙo ya ce na'urar mutuwa kawai ta yi, shi nake miƙa masa.

Daga nan sai ɓangaren kwamfuta. Na shiga kasuwar kayan kwamfuta na sayi adaftar USB zuwa siriyal mai ƙafa 9, mafi araha a cikin waɗanda na tarar, tare da kebul mai ramuka 9 a kai ɗaya da ƙafa 25 a ɗaya kan, wanda mai shagon ya ce shi ne na tsofaffin na'urori. Ya kuma nuna mini wasu ƙananan alluna marasa gida irin waɗanda masu haɗa Arduino suke amfani da su, na ce a'a, domin su volt 3.3 ko 5 suke fitarwa, RS-232 kuwa da wuta tsakanin volt 3 da 15 yake aiki, a sama da sifili da kuma ƙasa da shi, har filotar tana iya ƙona irin waɗannan alluna. Da na soka adaftar, kwamfutar ta ba ta suna /dev/ttyUSB0, amma da na yi yunƙurin aika mata wani abu sai ta ce ba ni da izini. A Ubuntu sai wanda yake cikin rukunin dialout ne yake iya taɓa irin wannan soket, kalmar sirrin shugabancin kwamfutar kuma tana hannun sashen fasahar sadarwa na makaranta. Na cike fom ɗinsu na jira har aka turo wani matashi, wanda ya rubuta layi guda, sudo usermod -aG dialout tare da sunan asusuna, ya miƙe zai tafi. Na ce masa, "Injiniya, don Allah kafin ka tashi ka saka mini screen da Inkscape da hp2xx," wato manhajojin magana da soket, shirya zane da duba fayil ɗin HP-GL, domin na san kowace manhaja da sai ta ci nata fom. Izinin bai fara aiki ba sai da na fita daga asusun na sake shiga.

Na gwada adaftar ita ma ita kaɗai. Na haɗa ƙafarta ta 2 da ta 3 da guntun waya, na buɗe screen /dev/ttyUSB0 9600, kuma duk harafin da na buga ya dawo ya bayyana a allo, da na cire guntun wayar kuma ya daina dawowa. Wannan ya nuna tana aikawa tana karɓa. Sai na saita soket ɗin da stty -F /dev/ttyUSB0 9600 raw -echo cs8 -parenb -cstopb clocal, wato gudun bod 9600, bit takwas, babu fariti, bit ɗaya na tsayawa. Kashe echo yana da muhimmanci, domin idan an bar shi, duk amsar da filotar ta bayar kwamfuta za ta mayar mata, ita kuma ta ɗauke ta a matsayin umarni marar ma'ana. Na buɗe tagar umarni ta biyu na bar cat -v /dev/ttyUSB0 yana sauraro, a ta farko kuma na aika IN;OI; wanda yake nufin ta koma halinta na farko sannan ta faɗi sunanta. Babu abin da ya dawo. Na aika SP1; domin ta ɗauki alƙalami na ɗaya, ko motsi ba ta yi ba. A gaskiya wannan shirun ya fi komai ci mini rai a duk aikin, saboda kowace na'ura lafiya take ita kaɗai, kuma babu wata alamar kuskure da zan bi.

Na nemi wani dattijo da ya riƙe wannan ɗakin zane kafin ya yi ritaya, na same shi a gida bayan la'asar. Na ce, "Baba, na tayar da filotarku amma ta ƙi jin kwamfuta." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ka duba ƙananan makunnan da suke bayanta? A zamaninmu ta tsakanin tamina da babbar kwamfuta muka ratsa da ita." Tamina ita ce allo da madannai da ake magana da babbar kwamfuta ta cikinsu. Wannan magana ta buɗe mini ƙofa. A bayan na'urar, kusa da soket, akwai jerin ƙananan makunnai da ake turawa da bakin biro. Guda huɗu, B1 zuwa B4, su ne na gudu, kuma domin samun 9600 sai a sa B4 da B2 a kan 1, B3 da B1 a kan 0. S1 da S2 na fariti ne, wato bit ɗin gano kuskure, a bar su a kan 0. Akwai na zaɓar ma'aunin takarda, wanda a wurinmu MET ne ba US ba, da na zaɓar A4 ko A3. Sai kuma mai alamar D da Y. Idan yana kan Y, na'urar tana tashi ne a matsayin mai sauraron layin wasu, ba ta kula komai sai an aiko mata da umarnin farkarwa na musamman, idan kuwa yana kan D to kai tsaye take karɓa. Namu na tarar da shi a kan Y, gudun kuma a kan wani abu daban. Na gyara su, na kashe ta na sake kunnawa, domin ba ta karanta makunnan sai a lokacin tashi.

Duk da haka shirun bai yanke ba, sai na ɗauko mitar auna wuta. Ƙafar da na'ura take aikawa ta cikinta tana nuna wuta ƙasa da sifili idan babu abin da ake aikawa. A filotar na auna tsakanin rami na 2 da na 7, wanda shi ne ƙasa, na ga wuta ƙasa da sifili, ke nan ta 2 take magana. A adaftar kuma ƙafa ta 3 ce take nuna haka idan an auna ta da ta 5. Da na bi kebul ɗin da mita sai na ga ta 3 ta kan mai 9 tana zuwa ta 2 ta kan mai 25, wato mai aikawa ya haɗu da mai aikawa, babu mai sauraro. Kebul ɗin ba lalatacce ba ne, na modem ne. A tsarin RS-232 kwamfuta tana rukunin da ake kira DTE, modem yana rukunin DCE, kuma kebul na yau da kullum an yi shi ne domin haɗa ɗan wannan rukuni da ɗan wancan. Filotar 7475A, duk da soket ɗinta mai ramuka ne irin na modem, an haɗa ta a matsayin DTE. Na koma kasuwa na sayi ɗan ƙaramin filogin nul-modem wanda yake musanya wayoyin, na sa shi a tsakani. Da na sake aika OI; sai 7475A ya bayyana a taga ta biyu. Na bi shi da IN;SP1;PU1000,1000;PD5000,1000,5000,5000,1000,5000,1000,1000;PU;SP0; ta zana murabba'i mai kusan santimita 10 a kowane gefe, tunda kusan taki 40 take yi a milimita guda, ta mayar da alƙalamin. Shugaban sashe ya zo ya gani ya yi murna, har ya fara maganar ranar da za a nuna wa ɗalibai.

Na ce masa, "Yallaɓai, a bari in gwada ta da taswira ta gaske tukuna." Na fitar da wata taswira mai layukan tudu da kwari daga manhajar taswira QGIS a matsayin fayil ɗin zane na SVG, na buɗe ta a Inkscape na adana ta a matsayin HPGL, na duba fayil ɗin da hp2xx na ga lafiya yake, sannan na aika. Ta fara kyau ƙwarai, ta zana ɗan yanki daidai, sai kawai alƙalamin ya ja wani dogon layi ya ratsa takardar daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya tsallake wurare, ya koma wani wuri dabam, fitilar ERROR ta kama. Na sake aikawa, ɓarnar ta faru kusan a wuri guda. Na'urar tana da umarnin tambayar kuskuren layi, wanda ake aikawa da printf '\033.E', kuma amsar da ta ba ni ita ce 16. A jerin lambobinta 15 tana nufin gudu ko fariti bai dace ba, 16 kuma tana nufin ma'ajiyar karɓar bayanai ta cika ta tumbatsa.

Lissafin a fili yake. Ma'ajiyar bayit 1024 kawai take ɗauka. A gudun 9600, da yake kowane harafi yana cin bit goma idan aka haɗa da na farawa da na tsayawa, bayit 960 ne yake shiga a daƙiƙa guda. Alƙalami kuwa ƙarfe ne da roba, sai ya tafi ya tsaya ya ɗaga ya sauka. Kamar mai ɗura ruwa ne a buta da bokiti, idan babu mai ce masa dakata, abin da bakin butar bai ɗauka ba a ƙasa zai zube. Murabba'in gwaji bai kai bayit ɗari ba, shi ya sa bai tona matsalar ba. Na ƙara crtscts a saitin stty domin kwamfutar ta riƙa dakatawa idan an ce ta dakata, amma babu abin da ya sauya, kuma gano dalilin wannan shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Idan ma'ajiyar filotar ta kusa cika, ta rami na 20, wato DTR, take sauke wuta domin ta ce a dakata. Filogin nul-modem na kasuwa yana kai wannan waya zuwa ƙafar DSR ta kwamfuta, ita kuma ƙafar CTS yana haɗa ta da rami na 4 na filotar, wanda kullum a sama yake. Linux kuwa CTS yake saurare idan an kunna crtscts, ba ya tsayar da aikawa saboda DSR. Ke nan filotar tana cewa a dakata ta wayar da babu mai kula da ita, kwamfutar kuma tana sauraron wayar da ba ta taɓa cewa komai sai a ci gaba.

Maganin shi ne a haɗa kebul na musamman, irin wanda kamfanin yake sayarwa tare da na'urar a da. Na sayi filogi mai ramuka 9 da mai ƙafa 25 waɗanda ba a haɗa ba, da waya mai zare da yawa tsawon mita biyu, na kai wa wani mai gyaran rediyo tare da zane a takarda. Ta 2 ta mai 9 zuwa ta 2 ta mai 25, ta 3 zuwa ta 3, ta 5 zuwa ta 7, sannan ta 6 da ta 8 ta mai 9 a haɗe su wuri guda a kai su ta 20. Ya dubi zanen ya ce, "Malam, ai wannan miƙaƙƙe ne, ka ce mai musanya kake so." Na nuna masa cewa a filogi mai 9 ta 2 ce mai karɓa ta 3 mai aikawa, a mai 25 kuma akasin haka ne, don haka 2 zuwa 2 da 3 zuwa 3 shi ne musanyar. Wannan wuri yana rikita mutane da yawa, har da waɗanda suka daɗe a sana'ar. Ya liƙa su da dalma ina zaune, na bi kowace waya da mita kafin ya rufe gidan filogin, kuma ladan aikinsa da kuɗin kayan gaba ɗaya ba su kai kuɗin taransifomar ba. Matsalarsa guda ce, ba shi da rasit mai hatimi, don haka wannan kuɗi daga aljihuna ya fita.

Da sabon kebul ɓarnar ta ragu amma ba ta ƙare ba. Na sa mita a kan ta 20 na ga wutar tana sauka tana hawa yayin zane, ke nan filotar tana yin nata, alamar kuma tana isa CTS, amma adaftar mai araha ba ta tsayawa a kan lokaci, ga dukkan alamu sai ta gama zazzage abin da yake cikinta. Na nemo wata mai ƙwaƙwalwar FT232R ta kamfanin FTDI, wadda take yin wannan dakatarwa a cikin ita kanta adaftar ba tare da jiran kwamfuta ba. Kuɗinta ya ninka na farkon, kuma sai da na sa aka kawo mini ita daga wani gari. Umarnin lsusb yana nuna irin ƙwaƙwalwar da take cikin adafta, saboda haka mai saye ya tafi da laftof ya gwada a shago. Da ita taswirar ta fita daga farko har kusan ƙarshe babu layin banza ko guda. Ga wanda ba shi da halin haɗa kebul akwai wata hanya, wato a sa na'urar ta riƙa aiko haruffan dakatarwa da ci gaba ta cikin wayar bayanai, ta hanyar aika mata ESC.I81;;17: da ESC.N;19: a farkon fayil (ESC shi ne harafin da printf yake rubutawa \033), a kuma kunna ixon a stty. Na gwada ta yi aiki, amma na fi natsuwa da ta waya, domin saitin haruffan yana gogewa duk lokacin da aka kashe na'urar, kuma ɗalibi zai manta. Mai amfani da Windows kuma yana iya kunna sauraron DSR da CTS da umarnin mode, ta hanyar odsr=on da octs=on.

Na ce kusan ƙarshe, domin wata matsala ta ɓullo bayan da na rufe taga ta biyu mai sauraro. Zane yana tafiya lafiya, sai ya tsaya ana saura kaɗan, alƙalami a ƙasa, babu fitilar kuskure. Dalili shi ne idan cat ya gama miƙa fayil ya rufe soket, Linux yana jiran daƙiƙa 30 ne kawai domin abin da ya rage ya fita, bayan haka sai ya zubar da shi, filotar kuwa ba lallai ta gama cinye ragowar a wannan lokaci ba. Muddin wata taga tana riƙe da soket a buɗe, wannan rufewar ba ta faruwa, shi ya sa ban gan ta da wuri ba. Yanzu muna aikawa da (cat zane.hpgl; sleep 600) > /dev/ttyUSB0, wanda yake riƙe soket ɗin minti goma bayan fayil ya ƙare.

Ragowar abin da ya rage na fayil ne. Wannan na'ura HP-GL na asali take ji, ba ta jin HP-GL/2 da ya zo daga baya, kuma manhajoji da yawa na biyun suke fitarwa da suna iri ɗaya. Idan ta haɗu da umarnin da ba ta sani ba, tambayar OE; tana dawo da 1. A Inkscape dole a mayar da rubutu da siffofi su zama layuka kafin adanawa, a kuma mayar da saitin Overcut da Tool offset zuwa sifili, domin an yi su ne saboda na'urorin yankan sitika, kuma suna sa ƙananan ƙugiyoyi a kowace kusurwa. Iyakar filin zane a A4 ita ce taki 11040 da 7721, a A3 kuma 16158 da 11040, abin da ya wuce nan ba ta zana shi. Gudun alƙalaminta yana kaiwa santimita 38 a daƙiƙa, wanda ya yi wa alƙaluman da aka sake wa tawada yawa, layi yana yankewa, don haka muna sa umarnin rage gudu VS10; a farkon kowane fayil. Layukan tudu da kwari kuma gara a rage yawan ɗigonsu tun a QGIS, in ba haka ba alƙalamin yana ta karkarwa a wuri guda har tawada ta huda takarda.

Da za a sake ba ni wannan aiki, jerin da zan bi shi ne wanda wahala ta tilasta mini: irin soket da farantin wuta tun na'urar tana sito, zanen gwajin P1 da P2, gwajin adafta da guntun waya, makunnan baya, sannan tambayar OI, kafin a yi maganar taswira. Zan haɗa kebul mai kai ta 20 zuwa CTS tun ranar farko maimakon sayen na kasuwa, zan fara da adafta mai kyau, zan kuma rubuta duk abin da nake bukata daga sashen fasahar sadarwa a fom guda. Ba zan shaida wa kowa cewa aiki ya kammala ba sai fayil mai girman da ya ninka ma'ajiyar sau da yawa ya fita har layinsa na ƙarshe. A ɓangaren kuɗi, ofishin ya biya ni na taransifoma da adafta ta biyu bayan na kai rasit da takardar shaidar shigar da su rajistar sito, amma ya ƙi biyan kebul da adaftar farko tunda ba su ne suke kan aikin ba, don haka a roƙi mai shago tun wurin ciniki ya yarda da musanya idan abu bai yi ba.

Na liƙa zanen wayoyin da matsayin makunnan a ƙarƙashin murfin na'urar, na kuma rubuta layukan stty da na aikawa a wani ɗan fayil da ɗalibai suke kira da suna guda. Filotar da kwamfutar duka suna kan UPS ɗaya, taransifomar tana bayansa, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar zane na'urar ba ta tuna inda ta tsaya, sai an sa sabuwar takarda an faro. A lokacin hunturu kuma muna cire alƙaluman daga faifan da zarar an tashi aiki, mu rufe su a cikin leda, saboda robobin da suke toshe bakinsu a faifan sun tsufa sun daina riƙe danshi.